Yadda Ake Tsara Kasafi da Tara Kuɗin Filin Wasan Yara a Makaranta ko Unguwa

Duk kwamitin da ya kira ni zama a kan filin wasan yara, abin da ake fara ajiye mini a gaba shi ne hoton lilo ko na abin zamiya, an zagaye farashinsa da biro. Nakan ce a mayar da hoton aljihu tukuna. Wannan farashin wani yanki ne kawai na abin da za a kashe. Akwai gyaran ƙasa, akwai shimfiɗar da yaro zai faɗo a kanta, akwai dako da kafawa, ga kuma gyare-gyaren shekarun da ke gaba. Na taɓa ganin makarantar da ta zuba duk abin da ta tara a sayen kaya, suka iso, aka rasa kuɗin siminti da na mai kafawa. Suka kwana a sito fiye da shekara, tsatsa ta fara cinsu, iyayen da suka ba da kuɗi kuma suka daina amsa kira. Abin da ke biye shi ne tsarin da nake bi don kada a kai ga haka.

Abin da za ku tanada kafin a fara

Kayan aikin ba su da yawa. Tef ɗin awo mai tsawo, turaku da igiya na shata fili, takarda mai layin murabba'i ta zanen taswira, littafi guda mai kauri wanda ba za a rubuta komai a cikinsa ba sai shige da ficen kuɗi, littafin rasit mai kwafi, da waya mai ɗaukar hoto. In akwai mai kwamfuta a cikinku ya riƙa shigar da lissafin, amma littafin hannu ya zauna, domin shi kowa ke iya buɗewa ya duba.

Sai mutane. Kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai ya isa: shugaba, ma'aji, magatakarda, malami ko malamar da ke tare da yaran kullum, uwa ko uba, da mutum ɗaya da ya san aikin gini ko na ƙarfe. Wannan na ƙarshen kada ku raina shi. Shi ne zai kalli bututu ya ce muku siriri ne, tun ba a biya ba.

Sai takardu biyu: izinin mai fili a rubuce, da asusun banki wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita. In buɗe asusu na daban bai yiwu ba, a yi amfani da na makaranta ko na ƙungiya, amma a ware wa aikin shafinsa. Asusun wani mutum shi kaɗai, komai amanarsa, kada a yi. Ba don ana zarginsa ba, don a tsare masa mutuncinsa ne.

Mataki na 1: Ku san yaran da ake yi wa

Ku ƙirga su, ku raba su da shekaru. Littafin kiyaye haɗurran filin wasa na hukumar CPSC ta Amurka, mai sa ido kan amincin kayan da jama'a ke saye, ya kasa yara gida uku: 'yan wata 6 zuwa 23, 'yan shekara 2 zuwa 5, da 'yan shekara 5 zuwa 12. Abin da ɗan shekara goma zai haye yana dariya, ɗan shekara uku na iya faɗowa daga kansa ya karye. Kowane rukuni da tsayin kayansa, kuma in dai da hali a raba musu wuri.

Tambaya mafi amfani ga kasafi ita ce yara nawa ke fitowa a lokaci guda. Makaranta mai ɗalibai 400 da ke fitar da su tara aji-aji ba ta bukatar abin da zai ɗauki 400. Ku tsaya a filin lokacin tara na kwana biyu ko uku, ku ga inda suke taruwa da abin da suke yi. Ku kuma tambaye su, ku ba ƙananan takarda su zana abin da suke so. Waɗannan zane-zanen ku adana su, za su yi muku aiki ranar neman kuɗi. Ku tambaya ko akwai yaro mai keken guragu, ko makaho, ko wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi. Hanyar da kekensa zai bi ya shiga, in aka sa ta a taswira tun farko kuɗinta kaɗan ne, in aka bari sai an gama sai an fasa an sake.

Mataki na 2: Ku auna filin, ku zana shi

Ku auna tsawo da faɗi, ku zana a takarda, kowane murabba'i ya tsaya a madadin mita ɗaya. Ku sa bishiyoyi, katanga, ƙofa, rijiya ko rami, da wayar lantarki da ta ratsa sama. Ku binciki ko akwai bututun ruwa ko waya a binne kafin kowa ya ɗaga diga. In da hali ku je filin bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Inda ruwa ya kwanta, ko dai ku kauce masa, ko ku sa kuɗin magudana a lissafi.

A nan ne yawancin masu farawa ke mamaki. Kowane abin wasa yana bukatar sarari a kewayensa wanda babu komai a ciki, ba dutse, ba benci, ba kututture. Ƙa'idar Amurka ta ce aƙalla mita 1.8 ta kowane gefe. Lilo kuwa ya fi kowa cin fili: gabansa da bayansa kowanne sai ya kai ninki biyu na tsayin da ke tsakanin ƙasa da sandar da aka rataye shi. Wato in sandar na da tsayin mita 2.4, ana bukatar mita 4.8 a gaba da mita 4.8 a baya, jimilla mita 9.6. In faɗinsa da sararin gefe ya kai mita 7, lilo ɗaya mai kujera biyu ya cinye kusan murabba'in mita 67. Ku yanka 'yan takardu daidai girman kowane abin wasa haɗe da sararinsa, ku riƙa jera su a kan taswira. Abin da bai shiga ba, an huta da neman kuɗinsa.

Abin zamiya na ƙarfe kada ya fuskanci inda rana ke dukansa tsawon yini, domin yana zafi har ya ƙona fatar yaro. Lilo kuma a kai shi gefe, nesa da hanyar da yara ke gudu.

Mataki na 3: Ku fara lissafi daga ƙasa

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, shi ya sa zan daɗe a kansa. Mafi yawan raunukan da yara ke ji a filin wasa daga faɗuwa suke. Ba za a hana yaro faɗuwa ba, abin da ke hannunmu shi ne abin da zai faɗa a kai. Kankare, kwalta da busasshiyar ƙasa mai tauri ba su dace a ƙarƙashin abin hawa ba. Ciyawa ma ba abin dogaro ba ce, wata biyu ƙafafu sun tattake ta, ƙasa ta fito. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1176 ta ce duk inda yaro zai iya faɗowa daga tsayin da ya wuce santimita 60 sai an yi shimfiɗa mai sassauta faɗuwa, kuma ta hana tsayin faɗuwa ya wuce mita 3.

Shimfiɗa iri biyu ce. Akwai ta zubawa: yashi, ƙananan tsakuwa masu santsi marasa kaifi, ɓarzajjen itace, ko yankakkiyar roba. Akwai kuma ta mannawa: fale-falen roba ko robar da ake kwaɓawa a zuba. Ta mannawa tana da tsada a farko, amma keken guragu na tafiya a kanta, kuma ba ta watsewa. Ta zubawa tana da sauƙin kuɗi, sai dai tana son kulawa kullum, ana baje ta, ana tsince ƙazanta, ana ƙara ta.

Zurfi shi ne magana. Littafin CPSC ya ce a zuba santimita 30, domin bayan an tattaka za ta koma kamar 23, kuma kada a bari ta gaza haka. A wannan zurfin, yashi na kare faɗuwar da ba ta wuce mita 1.2 ba, tsakuwa mita 1.5, ɓarzajjen itace kuwa har mita 3. Darasin da ke nan ga mai kasafi shi ne, duk yadda abin wasa ya ƙara tsayi, kuɗin ƙasarsa ma ƙaruwa yake. In yashi kaɗai kuke iya samu, ku zaɓi kaya gajeru. Yara ba sa auna daɗin wasa da tsayi kamar yadda manya ke zato.

Lissafin yawan shimfiɗa kuwa mai sauƙi ne: tsawo sau faɗi sau zurfi. Filin lilon nan mai murabba'in mita 67, sau 0.3, ya ba da kusan mita 20 kubik, wato awon da ya haɗa tsawo da faɗi da zurfi. Ku tambayi mai kawo yashi nawa motarsa ke ɗauka, ku raba, ku ga sawu nawa ne. Ku ƙara kuɗin haƙa, da na kwashe ƙasar da aka haƙo, da na dakalin da zai tare shimfiɗar kada ta bazu. Yashin ya zama wankakke, wanda ba laka a cikinsa. Mai laka in ya sha ruwa ya bushe, daskarewa yake kamar daɓe, an yi asarar kuɗi kenan.

Mataki na 4: Ku jera duk abin da zai ci kuɗi

Ku buɗe shafi, kowane abu da layinsa: sharar fili da daidaita shi, magudanar ruwa, shimfiɗa da dakalinta, kayan wasan kansu, dako da sauke kaya, haraji ko kuɗin fito in daga wata ƙasa za su zo, siminti da tsakuwar kafa ginshiƙai, ladan masu kafawa, shinge in filin na kusa da titi ko ruwa, inuwa, wurin zaman mai kula da yara, kwandon shara, allon dokoki, kuɗin izinin hukuma in ana bukata, inshora in dokar wurinku ta tanada, da ladan wanda zai duba aikin kafin a buɗe.

Kafin farashi na gaskiya ya zo, nakan fara da rabon da na saba da shi. In duk kuɗin kashi 100 ne, kayan wasa su ɗauki kamar 45, gyaran ƙasa da shimfiɗa 20, dako da kafawa 15, shinge da inuwa da wurin zama 5, ko-ta-kwana 10, ajiyar gyara 5. Wannan ma'aunin farawa ne nawa, takardun farashi za su gyara shi. Amfaninsa shi ne ya nuna wa kwamiti tun zaman farko cewa in sun ga kaya na wani adadi, abin da za su nema ya haura ninkinsa biyu.

Kuɗin ko-ta-kwana kada a taɓa shi don ƙara wani abin wasa. Na dutsen da za a tarar a ƙasa ne, ko farashin da ya tashi tsakanin ranar lissafi da ranar saye. In tara kuɗin zai ɗauki fiye da shekara, ko kuma kaya na tashi da sauri a inda kuke, ku mai da shi kashi 15 ko sama.

Mataki na 5: Ku nemi farashi daga wuri uku

Ku rubuta abin da kuke so a takarda ɗaya, ku ba kowane ɗan kasuwa irinta, don ku iya gwada amsoshinsu. Kowa ya rubuto: kaurin ƙarfe da irinsa, ko an yi masa rufin hana tsatsa, irin fenti, shekarun yaran da aka yi wa, tsayin faɗuwa, sararin da yake bukata, ko farashin ya haɗa da dako da kafawa, garanti na shekara nawa kuma me ya ƙunsa, ko ana samun kayan gyara, da ranar da farashin zai daina aiki. In kamfani ya ce kayansa sun cika ƙa'idar EN 1176 ko ta Amurka mai lamba ASTM F1487, ku ce ya nuna takardar shaida.

Sannan ku ce ya faɗa muku inda ya kafa irinsa shekara uku ko huɗu da suka wuce, ku je ku gani. Gani ya kori ji. Ku girgiza ginshiƙi, ku duba wurin walda, ku tambayi mai gadin wurin sau nawa aka gyara.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sayen kayan da aka ƙera don tsakar gida. A hoto kamarsu ɗaya da na makaranta, farashinsu kuma na jan hankali, amma an yi su ne don yara biyu ko uku. In ɗari suka hau kullum, zango ɗaya ba za su kai ba. Araha ba ta ado.

In kayan kamfani sun fi ƙarfinku, mai walda ko kafinta na iya ƙera muku, kuma na ga waɗanda suka yi aiki mai kyau ƙwarai. Sharaɗin shi ne ku ba shi awo a rubuce, kada a bar shi da ƙiyasi. Kada a bar wata kafa da faɗinta ke tsakanin santimita 9 da 23, a tsani ne ko a shingen dandamali, domin jikin yaro na iya wucewa kansa ya maƙale. Kada kan noti ya fito waje inda zai kama riga. A toshe bakin kowane bututu, a goge walda ta yi sumul. Ƙugiyar sarƙar lilo a matse bakinta ruf. Kujerar lilo ta zama ta roba mai laushi, ba katako ko ƙarfe ba, kuma kada a rataya fiye da biyu tsakanin ginshiƙai. Dandamalin da tsayinsa ya wuce santimita 50 na ƙanana, ko 75 na manya, a yi masa abin tarewa. Fenti ya zama marar dalma, domin dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Katako kuma a guji wanda aka jiƙa da baƙin mai ko maganin gara mai guba.

Mataki na 6: Ku kasa aikin zango-zango

Ba dole a yi komai a shekara ɗaya ba. Ku zana filin gaba ɗaya yadda kuke burinsa, sannan ku raba shi biyu ko uku, kowane zango ya zama cikakke a kansa, da shimfiɗarsa da komai. Zangon farko ya ƙunshi gyaran ƙasa da abin da ya fi ɗaukar yara da yawa a lokaci guda. Abin hawa mai faɗi na iya ɗaukar yara goma, lilo kuwa yara biyu kawai yake ɗauka, sauran na layi suna faɗa. Nakan raba farashin kowane abu da yawan yaran da yake ɗauka, nan take a ga wanda ya fi riba.

Akwai kuma abubuwan da kusan ba sa cin kuɗi: zanen wasannin tsalle da fenti a kan daɓen da ke akwai, ramin yashi mai murfi, gungumen itace da aka kwantar don koyon tafiya a kai, tudun ƙasa, da tsofaffin tayoyi da aka binne rabi. Tayar a wanke ta, a duba ba waya a waje, a huda ta yadda ruwa ba zai kwanta sauro ya samu gida ba. Dasa itatuwan inuwa ma a sa shi a zangon farko, tunda su lokaci suke ci.

Mataki na 7: Ku tsara inda kuɗin zai fito

Ku fara da gida. Mai bayarwa na waje abin da yake fara tambaya shi ne, ku me kuka sa? Makaranta ko ƙungiya ta ware nata, 'yan kwamiti kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, sannan a fita.

A abin da na gani, kaso mafi girma daga mutane ƙalilan yake fitowa, ragowar kuma daga jama'a masu yawa. Saboda haka ku zauna ku rubuta sunaye: wa zai iya ɗaukar nauyin abu guda sukutum, wa zai iya rabi, kuma wa a cikinku yake jin nauyinsa. Irin waɗannan ba a aika musu takarda a zauna jira. Mutum biyu su je da taswira da kasafi da zanen yara, su faɗi abin da suke roƙo ƙarara: muna so ka ɗauki nauyin shimfiɗar lilo, kuɗinta kaza. Wanda aka ce wa ya taimaka da abin da ya sawwaƙa, abin da ya sawwaƙa ɗin zai bayar.

Sauran ƙofofin su ne ƙungiyar iyaye da malamai, tsofaffin ɗalibai, 'yan kasuwa da kamfanonin da ke kusa, hukumar da ke kula da ilimi ko wuraren shaƙatawa, da gidauniyoyin da ke tallafa wa yara. Hukuma da kamfani kowanne na da lokacin da yake tsara kasafinsa, ku bincika ku kai takarda kafin a rufe, ba a fafe gora ranar tafiya. In kun sami mai hali, ku roƙe shi ya yi alkawarin duk abin da jama'a suka tara zai ƙara kwatankwacinsa. Ban ga abin da ke zaburar da masu ƙaramin ƙarfi kamar wannan ba.

Game da iyaye ina da ra'ayi mai ƙarfi: kada a ɗora kuɗi na dole a kan kowane yaro, kada kuma a karanta sunayen waɗanda ba su bayar ba. Filin na dukan yara ne, bai kamata wani yaro ya hau lilo yana jin kunyar talaucin gidansu ba.

Gudummawar da ba kuɗi ba ita ma ku neme ta, ku rubuta ƙimarta a littafi: motar yashi, buhunan siminti, aron mota, aikin magini na kwana biyu. Ƙungiyar KaBOOM! ta Amurka, wadda aka kafa a 1996, ta yi suna ne da tara 'yan sa-kai su kafa filin wasa a yini ɗaya. Ana iya koyi da wannan wajen haƙa, dako, baje shimfiɗa da fenti. Amma kafa ginshiƙai da ɗaure notuna sai a ƙarƙashin idon wanda ya iya, kuma ku tambaya ko garanti zai faɗi in ba ma'aikatan kamfani ne suka kafa ba. Kyautar tsofaffin kayan wasa kuwa, kada ku karɓa sai masani ya duba. Sau da yawa dalilin da ya sa aka cire su shi ne dalilin da zai sa ku ƙi su.

Mataki na 8: Ku rubuta takardar neman tallafi

Shafi biyu sun isa, sai dai in mai bayarwa na da fom ɗinsa, to a bi nasa harafi da harafi. Ku faɗi ko ku su wane ne, yara nawa ne kuma 'yan shekara nawa, a ina suke wasa yanzu, me za a kafa, nawa ne jimilla, nawa kuka tara, nawa kuke nema, yaushe za a gama, wa zai kula da wurin bayan an buɗe. Ku haɗa da hoton filin, taswira, takardun farashi da izinin mai fili. In za a sa hoton yara, sai da yardar iyayensu. Ga hukumomi da ƙungiyoyin duniya, yana da kyau a ambaci sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wanda ya tabbatar wa yaro haƙƙin hutu da wasa. Layi ɗaya ya wadatar, adadin yaranku da hoton filinku sun fi shi ƙarfi.

In an ƙi, ku yi godiya, ku tambayi dalili, ku tambayi lokacin da za a sake karɓa.

Mataki na 9: Ku riƙe amana a bainar jama'a

Kowane kuɗi da ya shigo a yanka masa rasit nan take, ya kwana a banki. Kada a kashe daga hannu kafin a kai. Duk wata a liƙa takarda inda kowa zai gani: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Kuɗin da aka bayar don wani abu takamaimai kada a juya shi zuwa wani sai an koma an nemi izinin mai shi.

Alkawari kuma ku ba shi shafinsa daban, kada ku haɗa shi da kuɗin hannu. Ranar taron gidauniya mutane kan yi alkawari da zuciya ɗaya, sannan rayuwa ta zo da nata. Ku bi su cikin mako biyu, da ladabi, tun abin na da zafi. Kada ku ba da odar kaya sai kuɗin zangon gaba ɗaya, har da na kafawa da shimfiɗa, ya shiga asusu. Wannan dokar ita ce da makarantar da na ambata a farko ta bi, da kayanta ba su kwana a sito ba.

Mataki na 10: Biya, kafawa da dubawa

A yi yarjejeniya a rubuce, a biya kashi-kashi: wani a farko, wani ranar da kaya suka iso aka ƙirga su, wani bayan an kafa. Ku riƙe kashi 5 zuwa 10 sai an duba an gyara duk abin da aka gani. A killace wurin lokacin aiki, a bar kankare ya yi kwanakin da magini ya ce kafin kowa ya hau. Kan kankaren ginshiƙi ya nutse ƙarƙashin shimfiɗa, kada ya leƙo. In akwai mai duba filayen wasa mai takardar shaida, ku biya shi. In babu, ku samo injiniya ko ƙwararren da ba shi da hannu a cinikin, ku ba shi awon da ke mataki na 2, na 3 da na 5 ya bi ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 11: Kuɗin gyara

Tun kafin ranar buɗewa a san sunan wanda zai riƙa zagaya filin, da layin da gyara zai samu a kasafin kowace shekara. Dubawa hawa uku ce. Ta ido, kullum ko duk mako: fasasshiyar kwalba, igiyar da wani yaro ya ɗaura, ramin da ƙafafu suka tona a ƙarƙashin lilo da bakin abin zamiya, a ja shimfiɗa a cike shi. Ta hannu, duk wata ɗaya zuwa uku: a matse notuna, a duba cin sarƙa da ƙugiya, a sa mai inda ke juyawa. Sai babba sau ɗaya a shekara, a tona gindin ginshiƙi a ga ko tsatsa ko gara ta ci, a auna zurfin shimfiɗa, a sake fenti. Ku sa alama a jikin ginshiƙi daidai inda shimfiɗa ya kamata ta kai, da ta sauka kowa zai gani.

Abin da ya karye a rufe shi ranar, a cire kujerar ko a ɗaure hanyar hawa, har sai an gyara. Masu bayarwa kuma a aika musu hoton filin da lissafin ƙarshe cikin wata guda da buɗewa, a sake aika musu wani bayan shekara, tare da taswirar zango na biyu da abin da zai ci.